Aksolotil ɗina ya daina cin abinci, don Allah a taimaka

Mai_Kiwon_Ruwa:
Salam jama'a. Sati uku kenan da aka ba ni ɗan aksolotil, halittar ruwan nan mai ƙafa huɗu mai kama da ƙadangare, fari ne mai jajayen gashin nan a gefen kai da yake numfashi da su, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Da farko kam ci yake kamar ba gobe, amma yau kwana huɗu ko tana na sa mishi a baki sai ya kau da kai, gashin nan sun lanƙwaso gaba, wani lokaci kuma ya taso saman ruwa ya tsaya shiru har sai na zaci ya mutu. Tankin lita 40 ne, na shimfiɗa tsakuwa masu kala a ƙasa don kwalliya, akwai ƙananan kifi biyu a ciki. Me na yi ba daidai ba?

Tsohon_Hannu:
Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai ka auna zafin ruwan? Don wannan halittar asalinta tafkin Xochimilco ne can birnin Meziko, ruwan sanyi ta sani. Digiri 16 zuwa 18 take so, in ya haura 20 ta fara takura, in ya kai 24 ya zauna a haka to wallahi ana iya rasa ta. Nemi ma'aunin zafi yau yau. Ka saita fanka tana kaɗa saman ruwan, ko ka daskarar da ruwa a gora ka jefa ciki kana canzawa, amma a hankali, kar ka sauke zafin farat ɗaya shi ma wata wahalar ce.

Maman_Biyu:
Malam ni tsakuwar nan ce ta tsaya min a rai. Su fa ba tauna suke ba, zuƙo abinci suke da ruwan gaba ɗaya, duk abin da ya shige baki ya tafi ciki, tsakuwa ta toshe hanji shi kenan ci ya tsaya. Nawa haka ta faru da shi sai da ya kwana biyu kafin ya kasayar da ita, ban yi barci ba lol. Kwashe su duka, tunda ƙarami ne bar ƙasan ba komai, in ya girma ka sa yashi mai laushi sosai. Kifin ma fitar da su, gashin nan suke tsattsaga.

Tsohon_Hannu:
Gaskiyarki hajiya. Sannan wata tambayar, ka bar tankin ya nuna kafin ka saka shi? Sabon tanki sai ya yi wajen sati huɗu zuwa shida filta na aiki kafin ƙwayoyin bakteriya da ke cinye amoniya, gubar da ke fitowa daga kashi, su taru, in babu su kashin da yake yi shi ke zama guba a ruwan. Sayi kayan gwajin ruwa, amoniya da naitirait (shi ma guba ne) dole su zama sifili. Kafin nan mayar da shi roba mai tsabta, ruwan sanyi da aka kashe wa kulorin, sinadarin nan na ruwan famfo, kana canzawa kullum. Lita 40 ɗin ma na ɗan lokaci ne, zai kai santimita 25 ko kusa.

Mai_Kiwon_Ruwa:
Na auna yanzu, 25 ne 😭 kuma ranar da aka kawo shi na cika tankin da ruwan famfo na jefa shi kawai. Na mayar da shi roba na kunna fanka. Filtar tawa ma tana tunkuɗa ruwa da ƙarfi, ita ma matsala ce?

Maman_Biyu:
Eh mana, ba sa son igiyar ruwa, nemi mai soso. Ka sa mishi ɗan bututu ya ɓuya tunda ba su da fatar ido, haske na damunsu. In kwana biyu cikin ya kumbura ko bai yi kashi ba kai shi wajen likitan dabbobi.