Neman kalma: me za mu kira «amortissement» da Hausa?

Assalamu alaikum ƴan uwa malaman kimiyya, na nan Damagaram da na nesa. Akwai kalmar da ta hana ni sakat tun ranar Laraba, ina son mu haɗu mu tsayar da ita: «amortissement» ta Faransanci, wato yadda kai da komon abu yake raguwa sannu a hankali har ya tsaya.

Ga yadda aka yi. Na aro ƙafar keke ta gaba wurin wani dattijo mai gyaran keke a Zango, na kai ta aji. Muka kafa ta yadda ba ta taɓa ƙasa, muka ɗaura noti mai nauyi a bakinta, muka manna masa farar takarda don ya fito sosai a hoto. In ka ja notin gefe ka saki, ƙafar ba ta zagayawa, sai ta riƙa kai da komo har ta tsaya notin yana ƙasa. Wani ɗalibi ya jingina wayarsa da littattafai ya ɗauki bidiyo. Wayar tana ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa guda, saboda haka da muka zuba bidiyon a manhajar Tracker, wadda kyauta ake samun ta, muka bi notin hoto bayan hoto, muka ga iyakar inda ya kai a kowace tafiya. Daga yadda nisan yake raguwa ake lissafa gogayyar da ke cikin rulman ƙafar, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfen nan da ƙafar take juyawa a kansu.

Ina cikin rubuta «oscillation amortie» a allo, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, da Hausa fa?" Na rasa ta cewa. Abin ya dame ni ƙwarai, ganin cewa tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, kuma yaran nan da ita suke tunani.

Rulma ba ya bukatar sabon suna. Haka makanikanmu suke kiran sa, ƴan uwanmu na Kano da Daura kuma suna cewa boris. A bar su duka biyun. Kai da komon ma muna da lilo, muna da shillo, muna da reto. Na zaɓi lilo.

Wahalar tana ga raguwar nan ta sannu-sannu. Wani abokin aiki ya ce "mutuwar lilo". Ban yarda ba, domin in aka ce mota ta mutu, nan take ta tsaya, mu kuwa abin da muke aunawa shi ne hanyar da ake bi kafin a tsaya. "Raguwa" gaskiya ce, amma ta yi faɗi: kuɗi na raguwa, hatsi na raguwa a rumbu. "Dushewa" ta haske ce da ta murya, ido da kunne suke shaida ta.

Ni dai na tsaya kan lafawa. Iska ta lafa, wuta ta lafa, zazzaɓi ya lafa, rikici ya lafa. Duk abin da ya lafa, da ƙarfinsa ya fara, ƙarfin ya yi ta sauka da kansa ba wanda ya tare shi gaba ɗaya. Sai mu ce lafawar lilo, ko lilo mai lafawa. An ce mini abin da ya lafa yana iya tasowa. Haka ne, ƙafar keken ma in ka sake jan notin za ta tashi.

Amma lafawar iri biyu ce, kuma nan bidiyo yake da amfani. In ƙarfe ne yake gugar ƙarfe a bushe, kowane lilo yana rasa adadi ɗaya: misali digiri 30, sai 27, sai 24, har ya tsaya cak. Wannan ita ce gogayyar da ake jingina wa Bafaranshen nan Kulom, wanda ya nuna a ƙarni na 18 cewa kusan ba ruwanta da sauri. In kuwa kaurin giris ne yake riƙe ƙwallayen, abin da ake rasawa kaso ne na abin da ya rage: 30, sai 27, sai 24.3, layin yana lanƙwasa, yana jan jiki. Ido ba zai raba 24 da 24.3 ba, sai an tara lilo da yawa a zane. Na farkon ina kiran sa lafawar tsani, tunda matakansa daidai suke. Na biyun lafawar kaso.

Da na mayar da ƙafar na gwada kalmar a kan mai ita. Na ce, "Baba, lilon nan da wuri yake lafawa." Bai tambaye ni me nake nufi ba. Ya kaɗa ta, ya kara kunne kusa da rulman, ya ce, "Ai ƙura ta shiga, ya bushe. Bari a wanke shi da kananzir a sa giris."

Gobe zan koma in karɓo ta a wanke, mu sake ɗaukar bidiyo mu gwada zanen biyu. "Lafawar kaso" ce har yanzu ba ta zauna mini daram a baki ba. Malaman Maradi, Tawa da Kano, in kuna da wadda ta fi ta, ku kawo kafin in rubuta wa yara a allo.