Sun ce in bar kara a gona su biya ni kuɗin kabon, in sa hannu?

Manomin Ringim: Assalamu alaikum. Wasu mutane sun zo garinmu ta hannun mai unguwa, wai in ka yarda shekara biyar ba ka ƙona kara, ba ka kwashe shi, ba ka sare gawo, za su riƙa auna ƙasar gonarka su biya ka kuɗin kabon, wai ladan sinadarin kabon da ya ƙaru a ƙasar. Gonata eka uku ce, jigawa, kuma da karan nake riƙe shanun huɗa biyu har damina. Ranar Alhamis za a rufe rubuta suna. Wanda ya taɓa shiga ya ba ni shawara.

Abu Hafsat: Wa alaikumus salam. Ka nemi buhun NPK biyu ka huta, ɗan'uwa.

Malamin Gona: Abin ba tatsuniya ba ne. Shuka na jan iskar kabon daga sama, in kara da saiwa suka ruɓe wani kaso ya zauna a ƙasa. Kabon ɗin da ke cikin ƙasa ya fi na sararin samaniya yawa, shi ya sa Faransa ta fito da shirin "4 cikin 1000" na ƙara kabon a cikin ƙasa, a taron sauyin yanayi na Paris na 2015. Sai dai jigawa ba ta riƙe shi kamar laka, ga zafi ga gara. Tambaye su: in awo bai nuna ƙari ba, wa zai biya ka karanka?

Na Gwaggo: Baƙin bayan tukunyarmu ma kabon ne, nawa suke sayen mudu?

Ɗan Maraɗi: Mu tun wajen 1984, zamanin Tony Rinaudo, Baturen da ya yaɗa dabarar a yankinmu, muke barin tohon itace a gona, ba wanda ya ba mu ko dala. Je ka ga geron gindin gawo. Da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana.

Tsohon Manomi: Yaro, gonar taka ce ko aro? Shekara huɗu ina jidar taki a mangala zuwa wata gonar aro da ko ƙaya ba ta fitarwa. Na bar kara, na hana 'ya'yana yankan harawa, har tunkiyata na sayar. Shekarar da ƙasa ta yi baƙi, dawa ta tashi, sai mai gona ya aiko wai ɗansa ya dawo daga Legas zai noma. Ko dami ɗaya bai ba ni ba. Har yau ba na bin wannan hanyar.

Hajiyar Kiwo: Allah ya saka maka, Baba. Amma kara ba abin bari ba ne, amalanke dubu goma sha biyar na saya bara.

Abu Hafsat: Hajiya an cuce ki, dubu bakwai ne a wajenmu.

Hajiyar Kiwo: Da kaka ko da bazara? Ka taɓa kiwo kuwa?

Tsohon Manomi: Shi ma malamin can, ya taɓa riƙe fartanya?

Malamin Gona: Baba, da girmanka, a gona aka yanke min cibiya.

Na Gwaggo: In ma ka bari, shanun wa za su kwana a kai? Bara cikin dare ɗaya aka share min gona tas, na kai ƙara aka ce in kawo shaida.

Manomin Ringim: Baba, gonar gado ce. Jama'a, Alhamis fa jibi ce.

Abu Hafsat: Na Gwaggo, wurin wa ka kai ƙarar, dagaci ko 'yan sanda?