Dodon-koɗi zai iya nuna mai gurɓata tafki?

Ɗalibar kimiyya:
Assalamu alaikum. Ina bincike a kan wani tafki da gansakuka ta rufe, har kifi na tasowa sama matattu. Na auna ruwan, naitiret, wato wani sinadari mai ɗauke da naitirojin, ya yi yawa. To gonaki na gefe guda, gidaje na ɗaya gefen. Manoma na cewa ruwan masai ne, masu gidaje na cewa takin zamani ne. Malamina ya ce in tsinto dodon-koɗi a auna aisotop ɗin naitirojin a namansu. Don Allah yaya wannan zai raba gardama?

Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji:
Wa alaikumus salam, 'yata. Naitirojin iri biyu ne, mai lamba 14 da mai 15 wanda ya ɗan fi nauyi, su ake kira aisotop. Awon kuma yana nuna yadda mai nauyin ya fi na iska yawa ne, don da na iska ake gwada komai. Takin zamani daga iska ake yin sa, shi ya sa awonsa ke yawo kusa da sifili. Najasa kuwa, warin nan da kike ji amoniya ce ke tashi, tana kwashe marar nauyin, ta bar mai nauyin a baya. Sai ki ga awo ya kai 10 zuwa 20 cikin dubu.

Malaminki ya yi gaskiya. Ruwan kwalba labarin ranar da kika ɗebo shi kawai zai ba ki. Dodon-koɗi kuwa yana nan wuri ɗaya wata da watanni yana kankarar gansakuka, naitirojin ɗinta ya zauna a jikinsa. Tun 1996 masu bincike Cabana da Rasmussen suka nuna awon irin waɗannan ƙananan halittu na hawa gwargwadon yawan mutanen da ke kewaye da ruwa.

Mai nazarin ƙasa:
Baba ya faɗi daidai, amma a yi hattara kafin a ɗora wa mutane laifi. A cikin laka inda babu iskar shaƙa, bakteriya na cinye naitiret, su ma marar nauyin suke fara ɗauka, sai ragowar taki ta yi kama da najasa. Ki sa a auna aisotop ɗin oksijin na naitiret ɗin ma, don a gane ko bakteriyan ne suka ɗaga awon. Kashin shanu da na mutum kuma awonsu kusan ɗaya ne.

Ɗalibar kimiyya:
Na gode ƙwarai. Kifin fa, ba zai yi ba? Ya fi sauƙin samu.

Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji:
A'a. Duk wanda ya ci wani, awonsa na ƙaruwa da kusan 3.4 cikin dubu, ga shi kifi yawo yake. Ki tsinci jinsi ɗaya, masu girma ɗaya, daga bakin gonaki, da bakin gidaje, da can saman rafi inda ba kowa.