Ina son shiga gasar fiyano, amma hannuna na sarƙewa gaban kyamara

Jama'a, ku taimaka mini da shawara. Ni akanta ne, shekarata 44, kuma shekara goma sha biyu ke nan ina kaɗa fiyano bayan tashi daga aiki. Burina gasa irin ta Cliburn ta waɗanda ba sana'arsu ba ce kiɗa, wadda aka fara a Fort Worth ta Amurka a 1999, ta 'yan shekara 35 zuwa sama. Sai ka tura bidiyon kiɗanka tukuna kafin a ɗauke ka.

To, nan gizo ke saƙa. Ni kaɗai a ɗaki, kiɗan Ballade na farko na Chopin (shahararren mai tsara kiɗan fiyano) na zuba min lafiya lau. Ina kunna kyamara, sai hannun hagu ya ɓace min a sashen ƙarshe mai gudu. Na rage sauri, na haddace kowane hannu daban, har gaban maƙwabta na kaɗa, duk a banza.

In sauya wani kiɗan mai sauƙi ne, ko in dage? Wa ya taɓa fama da wannan?