Raba adireshin wayoyin ofis da na kwamfutoci

Yawancin masu aikin netwok sun tsaya kan abu ɗaya: a ware wa wayoyin tebur VLAN nasu (wato sashe na daban a cikin netwok ɗin), kwamfutoci ma nasu, kowanne da jerin adireshin IP nasa, misali 10.10.10.0/24 da 10.10.20.0/24. Sabar DHCP ɗaya, wato mai raba wa na'urori adireshi, ta isa, in an buɗe mata rukunin adireshi biyu aka kuma sa ip helper-address (umarnin da ke tura neman adireshi zuwa sabar) a rauta, na'urar da ke haɗa sassan netwok, domin neman adireshi ba ya tsallake VLAN da kansa.

Inda aka fi jan magana shi ne kwamfutar da ke jone ta bayan waya, kebul ɗaya zuwa suwic (akwatin da kebul ɗin na'urori ke haɗuwa). Nan LLDP-MED ko CDP, hanyoyin da suwic da waya ke musayar bayani, ke gaya wa wayar VLAN ɗinta. Masu cewa a rarrabe ta adireshin MAC (lambar da kowace na'ura ke zuwa da ita daga masana'anta), a ganina wahala suke nema. A sabar DHCP kuma, a sa zaɓi mai lamba 66, ko 150 ga wayoyin Cisco, don wayar ta san inda za ta ɗauko saitinta.