Gudun Fanfalaki da Tawagar Tallafa wa Binciken Ciwon Daji: Abin da Sabon Shiga Zai Tarar

Mai Buɗe Zance:
Salamu alaikum. Sababbin shiga sun yawaita tambaya iri ɗaya, wato yadda za su shirya wa gudun kuma su tara kuɗin da suka yi alkawari, shi ya sa na ga gara mu tara amsoshin wuri guda. Mutum ya sami gurbi a tseren fanfalaki ta hannun ƙungiyar da ke tara kuɗin binciken ciwon daji, ya sa hannu a takarda, sannan ya fara tunanin abin da ya ɗauko. Kaya biyu ne ya ɗora wa kansa a rana ɗaya: kilomita 42.195 da zai ci da ƙafarsa, da kuɗin da ya yi alkawarin tarawa.

Tsarin ba sabo ba ne. Team in Training ta ƙungiyar da a da ake kira Leukemia & Lymphoma Society ta faro ne a 1988, lokacin da Bruce Cleland, wanda 'yarsa ke fama da sankarar jini, ya haɗa masu gudu 38 suka shiga tseren New York. Dana-Farber Marathon Challenge, mai tara wa cibiyar binciken ciwon daji ta Dana-Farber, ta biyo baya a tseren Boston a 1990. Fred's Team kuma, mai tara wa asibitin Memorial Sloan Kettering, an kafa ta a 1995 da sunan Fred Lebow, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa tseren New York, wanda ciwon dajin ƙwaƙwalwa ya yi ajalinsa a 1994. A Ingila, Cancer Research UK na ba da gurabe a tseren Landan. Duk wanda ya san harkar ya faɗi abin da ya sani, da lamba da dalili.

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Bari in fara da ƙafa. Shiri na makonni 16 zuwa 20 ne, amma an gina shi ne a kan wanda ya riga ya iya gudun kilomita 8 zuwa 10 ba tare da ya galabaita ba. Wanda bai kai nan ba ya ƙara wata biyu ko uku a gaba, ya fara da sassarfa gauraye da tafiya.

Mako yakan ɗauki gudu uku ko huɗu. Biyu gajeru masu sauƙi, kilomita 6 zuwa 10. Ɗaya mai ɗan zafi a tsakiyar mako, misali kilomita 5 zuwa 8 a saurin da ake son yi ranar tsere. Sai dogon gudu a ƙarshen mako, wanda shi ne ƙashin bayan shirin gaba ɗaya. Yakan fara daga kilomita 12 ko 13, ana ƙara 1 zuwa 2 kowane mako, har a kai 30 ko 32. Bayan kowane mako uku na hawa, a yi mako ɗaya na sauka, a rage kamar kashi ɗaya cikin huɗu. A wannan makon ne jiki ke ɗinke abin da aka yaga.

Inda aka fi yin kuskure shi ne sauri. Kusan kashi 80 cikin ɗari na gudunka ya zama a saurin da za ka iya yin hira da na gefenka, jimla cikakkiya, ba kalma ɗaya-ɗaya kana haki ba. A tawaga wannan yana da wuya, domin ba wanda yake son a bar shi a baya. Sai mai gudun minti 7 a kilomita ya maƙale wa masu minti 6, ya gama dogon gudunsa a tagayyare, ya kasa na Talata, ya rama ranar Alhamis, mako na shida gwiwa ta ce ba ta san zance ba. Ka nemi rukunin da ya yi daidai da kai tun ranar farko, ko da shi ne na ƙarshe.

Uwar Asusu:
Malam ya yi maganar ƙafa, ni ta aljihu zan yi, don ita ce ke hana mutane barci a watan ƙarshe. Ku karanta takardar yarjejeniya kafin sa hannu, musamman abubuwa huɗu. Nawa ne mafi ƙarancin kuɗin da za a tara. Yaushe ne wa'adin, domin sau da yawa ana raba shi, a ce kaso kaza ya shigo watanni kafin tsere, sauran bayansa. Me zai faru idan ba a cika ba. Me zai faru idan an ji rauni.

Tawagogi da yawa a Amurka suna karɓar bayanan katin banki tun farko, idan wa'adi ya cika kuɗi bai kai ba su cire ragowar daga nan. Ba zalunci ba ne, ita ma ƙungiyar sayen gurbin ta yi daga masu shirya tsere, kuma idan mai gurbi ya gaza asarar a kan kuɗin bincike take sauka. A Birtaniya akwai Gift Aid, inda ake ƙara fene 25 a kan kowane fam ɗaya idan mai bayarwa yana biyan haraji a can. Amma ƙungiyoyi da dama ba sa lissafa shi cikin alkawarinka, to kada ka ga jimla a shafinka ka saki jiki.

Game da tarawa, abin da ke aiki shi ne saƙo zuwa ga mutum ɗaya, da sunansa, da adadin da ake roƙo. Sanarwar gama-gari a Facebook kowa yana ganin wani ne zai bayar. Fara da makusanta waɗanda za su ba da mai kauri, domin masu zuwa daga baya suna duba abin da na gabansu suka sa su kwaikwaya. Raba jimlar da makonnin da suka rage, ka san abin da ake nema kowane mako. Wasu ma'aikatu suna ninka abin da ma'aikacinsu ya tara, amma takardun na ɗaukar makonni, a tambaya da wuri. Shawarata a ci rabin kuɗin kafin dogon gudu ya kai kilomita 25, don daga nan gajiya ba ta barin mutum ya rubuta wa kowa saƙo.

Mai Tafiyar Hawainiya:
Tsohon Hannu, ina da gyara kaɗan a kan kilomita 32. Wanda ke gudun minti 7 da rabi a kilomita zai shafe awa huɗu cur kafin ya gama shi. Amfanin da za a samu bayan awa uku zuwa uku da rabi bai kai wahalar murmurewar da ke biyo baya ba. Masu jinkiri su auna dogon gudu da agogo maimakon nisa. Haka kuma tsarin gudu da tafiya na Jeff Galloway, mai horar da masu gudu a Amurka, kamar gudun minti huɗu tafiyar minti ɗaya, ba abin kunya ba ne. Sharaɗinsa a fara shi tun kilomita ta farko. Wanda ya bari sai ya ƙare kafin ya fara tafiya ba tsari yake bi ba, jiki ne ya tilasta masa.

Tsohon Hannu:
Na yarda, Hajiya. Awa uku da rabi iyaka ce mai kyau.

Mai Gashin Ƙashi:
Akwai matsalar da ta fi yawa a irin waɗannan tawagogin fiye da sauran masu gudu, wato ɓoye ciwo. Mutum ya rubuta sunan mahaifiyarsa ko ɗansa a bayan riga, mutane hamsin sun ba shi kuɗi, sai ya ce wa kansa ai wanda ake yi wa allurar kashe ƙwayoyin daji ya fi shi shan wuya, don me zai yi ƙorafin ƙwauri? Wannan tunanin ne ke mai da ciwon hutun kwana biyar ya koma na wata biyu. Ƙashi ba ya jin niyya.

Ga yadda ake bambancewa. Ciwon tsoka na gajiya yana zuwa a ƙafafu biyu, yana bazuwa, yana lafawa bayan minti goma da fara gudu. Wannan ba komai. Wanda ake tsoro shi ne na gefe ɗaya, wanda ke ƙaruwa yayin gudu ko ya sa mutum ɗingishi. Idan za ka iya ɗora yatsa ɗaya a wuri ɗaya a kan ƙashin ƙwauri ko bayan ƙafa ka ce nan ne, kuma tsalle da ƙafar kaɗai yana zafi, a daina gudu a je a duba, yana iya zama tsagewar ƙashi. Wannan kan ci makonni shida zuwa takwas ko fiye. Ciwon gefen gwiwa ta waje, mai tasowa a daidai nisa ɗaya kowane lokaci kuma ya tsananta a gangara, yawanci yana da alaƙa da raunin tsokar ƙugu da saurin ƙara nisa. Ciwon ƙasan dunduniya mai zafi a takun farko da safe, jijiyar tafin ƙafa ce. Agara kuma takan yi ƙorafi idan an yawaita hawan tudu ko an sauya takalmi farat ɗaya.

Maganin riga-kafi minti 20 ne sau biyu a mako: tsuguno, ɗaga diddige a bakin matakala sau 15 zagaye uku, kwanciya a gefe ana ɗaga ƙafa, hawa kan benci da ƙafa ɗaya. Idan an rasa mako ɗaya, a ci gaba daga inda shiri yake, ba a ramuwa. Idan an rasa uku ko huɗu kusa da tsere, a kira ƙungiyar a yi maganar ɗage gurbi zuwa baɗi. Kuma duk wanda shi kansa ya taɓa shan maganin ciwon daji ya nemi amincewar likitansa kafin ya fara, domin wasu magungunan suna taɓa zuciya, wasu ƙashi, wasu jijiyoyin ƙafa.

Mai Lissafin Ciki:
Abin da ake kira bango, wanda ke tare mutane tsakanin kilomita 30 da 35, lissafi ne kawai. Jiki yana ajiye sukari a tsoka da hanta kimanin giram 500, kusan kalori 2,000, alhali tseren yana cin fiye da haka. Idan ajiyar ta ƙare, ƙafa ta yi nauyi, kai ya yi duhu. Don haka ake cin sukari a kan hanya, giram 30 zuwa 60 a kowace awa. Ƙullin jel ɗaya (sukari mai kauri da masu gudu ke tsotsa a hanya) yana da giram 20 zuwa 25, wato ɗaya kowane minti 30 zuwa 40, a fara tun kafin awa ta farko ta cika, a kora da ruwa zalla. Jel a kan abin sha mai sukari yakan murɗa ciki. Ciki ma horar da shi ake yi: duk gudun da ya wuce minti 90 a gwada abin da za a ci ranar tsere, har a gano wanda hanji ya amince da shi. A bincika wane iri masu shirya tsere za su raba a hanya, ko a saba da shi ko a ɗauki nasa.

Mai Gashin Ƙashi:
Ƙari a kan ruwa, don a nan nasihar masu ƙauna take cutarwa. Kowa yana cewa sha ruwa, sha ruwa. Wanda zai yi awa biyar a hanya yana da lokacin da zai sha fiye da abin da ya zubar, gishirin jininsa ya tsinke. Wani bincike da aka yi kan masu tseren Boston na 2002 ya sami haka a kashi 13 cikin ɗari na waɗanda aka gwada, kuma ya fi kama masu jinkiri da waɗanda nauyinsu ya ƙaru a kan hanya. Alamunsa kumburin yatsu, ciwon kai, tashin zuciya, ruɗewa, kuma yana kisa. Hau sikeli kafin gudun awa ɗaya da bayansa. Kowane kilo da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta gumi, ka haɗa da abin da ka sha, ka san ma'auninka. Sha gwargwadon ƙishi. Sannan a guji ibuprofen da danginsa kafin tsere ko a cikinsa, suna matsa wa ƙoda da ciki a lokacin da suke cikin wahala dama.

Ƙanwar Tawaga:
Ƙananan abubuwa masu ɓata rana. Kambas ya bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan ƙafa mafi tsawo da bakin takalmi, in ba haka ba farce ya yi baƙi ya fita. Yana ƙarewa tsakanin kilomita 500 zuwa 800, to wanda aka fara shiri da shi ba lalle ya kai ranar ba. A sayi na biyu wata guda kafin tsere, a yi dogon gudu ɗaya ko biyu da shi. Safar auduga na riƙe gumi ta kawo bororo. Rigar da ƙungiya ke bayarwa takan iso a makare, kuma ɗinkinta na iya goge hammata har jini, a wanke ta a yi gudun kilomita 20 da ita tukuna. Basilin a tsakanin cinyoyi da hammata, filasta a kan nono ga maza. A rubuta sunanka da manyan baƙaƙe a gaban rigar, 'yan kallo za su yi ta kiransa.

Tsohon Hannu:
Saura makonni ukun ƙarshe. Dogon gudu mafi tsawo ya faɗo kwana 21 kafin tsere. Daga nan a rage jimlar mako zuwa kamar kashi 75, sai 50, sai 30 cikin ɗari. Jiki zai yi ta ƙaiƙayin gudu, za a ji ciwon da babu shi, a yi haƙuri. Kwana biyu kafin ranar a ƙara abinci mai sitaci, a rage mai maiƙo da mai yawan ganye. Karin kumallo awa uku kafin tashi, wanda aka saba da shi.

Ranar kanta, ka san saurin da za ka riƙe. Awa 4 na nufin minti 5 da daƙiƙa 41 a kilomita. Awa 4 da rabi, 6 da 24. Awa 5, 7 da 7. Kilomita biyar na farko a yi su da jinkirin daƙiƙa 10 zuwa 15 a kan wannan. Yana da wuya, domin an tashi da hawaye a ido, ga ihun jama'a, ga ƙafa ta huta. A Boston ma farkon hanya gangara ce, tana yaudara, sai tuddan Newton su karɓi bashinsu, na ƙarshensu, Heartbreak Hill, yana jira wajen kilomita 33. Inda magoya bayan tawaga suka kafa tuta ma mutane kan ƙara wuta ba su sani ba, a duba agogo bayan an wuce su.

Uwar Asusu:
Kada a rufe shafin gudummawa ranar tsere. Hoton lambar yabo yakan tayar da waɗanda suka ce za su bayar suka manta, a tura musu shi cikin kwana biyu tun abin na da zafi. Masu bayarwa kuma suna tambayar ina kuɗin ke zuwa, to a tambayi ƙungiyar tun farko ko na bincike ne zalla, ko har da kula da majinyata, da nawa ke tafiya wajen gudanarwa. Dana-Farber, alal misali, tana sa abin da masu gudunta suka tara a shirin Claudia Adams Barr na binciken tushen cutar. Amsa irin wannan ta fi "ana taimakon masu ciwo" buɗe aljihu.

Ƙanwar Tawaga:
Yaya, a ƙara da cewa kada a sa wani muhimmin aiki washegari. Cinya ba ta yarda da saukar matakala na kwana biyu ko uku, da baya-baya ake sauka ana riƙe da ƙarfen gefe.