Hoton Mize: wai Yamai ta da ta fi ta yau?

Alhaji na Zongo: Assalamu alaikum jama'a. Jiya ina neman takardar gida cikin akwatin marigayi mahaifinmu sai na ci karo da wannan hoto. Ni ne ƙaramin da ke riƙe da hannun Baba, yayata tana gefe, bayanmu kuwa iccen Tenere ne a Mize, gidan tarihi na ƙasa da ke nan Yamai. Ranar sallah ce, 1972. Na daɗe ina kallonsa har idona ya cika. Maganata ɗaya ce: Yamai da ta raine mu ta mutu. Yaron yau ba shi da inda zai yi ƙuruciya a garin nan. Mu da ƙafa muke fita daga Zongo, mu ratsa Ƙaramar Kasuwa, mu shiga Mize mu ga zaki da dorina, mu gangara bakin kogi, duk cikin inuwa. Wa zai saki jikansa ya yi wannan tafiya yanzu?

Hajiya ta Bukoki: Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Wallahi gaskiya ka faɗa, Alhaji. Ƙaramar Kasuwar ma ina take? Tun gobarar 2012 ba ta koma yadda muka san ta ba. Can nake raka Inna sayen salati da tumatur da ake kawowa daga lambunan Guntu Yena da sassafe, raɓa na jikinsu.

Mushe mai ritaya: Amin. Alhaji, ka yi haƙuri, akwai gyara a shekarar. A 1972 iccen nan yana tsaye abinsa cikin hamada, shi kaɗai, babu wani icce kusa da shi sai an yi tafiyar ɗaruruwan kilomita. A 1973 ne mai kamiyo ya buge shi ya faɗi, cikin Nuwamban shekarar aka kwaso shi aka kawo Mize, can wurinsa kuma aka kafa na ƙarfe. In dai shi ne a bayanku, hoton bai kai 1972 tsufa ba.

Alhaji na Zongo: Mushe, ban musa ba. Na kira Yaya yanzu, ta ce shekarar da soja suka karɓi mulki daga hannun Diori ce. 1974 ke nan. Na janye shekara, ban janye magana ba.

Ɗan Adar: To Alhaji, tunda 1974 ce, ka bar ni in faɗi tawa, ka gafarce ni in ta yi ɗaci. Waccan shekara mu muna Tawa, kuma abin da na tuna da ita yunwa ce. Fari ya cinye bisashe, rumbuna wayam. Kai kana gaban iccen Tenere da kayan sallah, a Lazare kuwa, nan cikin Yamai ɗin taku, dubban mutane ne da fari ya koro daga arewa suna kwance a sansani suna jiran tsaba. Yaransu sa'o'inka ne. Su wa ya ɗauke su hoton sallah? Yau Lazare kartiye ce da gidajen siminti da lakwal da kasuwa. Ka je ka ce ma jikokinsu garin da ya fi daɗi.

Hajiya ta Bukoki: Malam, ba wanda ya ce babu wahala a da. Wurin wasan yara ake magana.

Ɗan Adar: Hajiya, ai duk ɗaya ne. Wurin wasan na ɗiyan wa? A zamanin ba kowa ke da kuɗin mai hoto ba. Wanda ya samu, sai ya sa rigarsa mafi kyau ya tsaya gaban wuri mafi kyau. Shi ya sa duk tsohon hoton Yamai da ake turo mana ko Mize ne, ko gadar Kennedy, ko Filato. Ban taɓa ganin wanda ya tsaya gaban bukkarsa da ruwa ya ci ba.

Ɗalibi daga Harobanda: Baba Alhaji, da girmamawa, ni ma ban yarda ba. Kakata ta ce kafin a buɗe gadar Kennedy a 1970, mace mai naƙuda daga wannan gaɓar sai a jirgin ruwa ake ƙetarar da ita. Yau gada uku ce: Kennedy, ta Sin da aka buɗe a 2011, da ta Seyni Kountché ta 2021. Mize kuma ba ta tafi ko'ina ba. Watan jiya na kai ƙannena, sun ga ƙasusuwan dinozor na Gadafawa, sun tsaya wurin maƙeran azurfa suna kallon yadda ake zuba kurus ɗin Agadas, da ƙyar na janye su. Mu ma muna da ƙuruciya, Baba. Taku ce kawai ba mu gani ba.

Alhaji na Zongo: Ɗana, ka ce KAI ka kai su. A kan me? A kan babur ko taksi, da kuɗin shiga a aljihunka, kana riƙe da hannunsu. Nan ne bambancin. Mu ba wanda ya kai mu sai ranar sallah irin ta hoton nan. Sauran ranaku garin ne ya riƙe mu. Daga Zongo zuwa kogi duk wanda ya gan ka ya san ɗan gidan wane ne kai, in ka yi ba daidai ba mai tebur ma sai ya tsawata maka. Filin ƙwallo kuwa ba a nemansa, duk inda ka juya fili ne da dogon yaro. Yau ka nuna mini fili ɗaya a unguwarku da ba a kafa masa duwatsun farsel ba.

Mushe mai ritaya: Nan kam Alhaji ya taɓo abin da ke damuna, ko da yake ban bi shi har ga cewa gari ya mutu ba. Ku tuna da Santir Bert, dajin nan da aka dasa a bakin gari. Tun 1965 aka fara dasa shi, dogon yaro akasari, a kewaye garin ta gabas da arewa don ya tare iska da ƙurar hunturu, tsawonsa wajen kilomita 25, faɗinsa kilomita guda. Ina sabon malami muke kai yara dashe can, kowa da ɗan iccensa da gwangwanin ruwa. Yau ka bi ta wurin ka gani: nan an sare, nan an gina, nan juji ne da leda. Wannan ba ƙaryar hoto ba ce, da idona na ga iccen da yarana suka dasa ya girma, da idona kuma na ga kututturensa. Amma wa ya sare? Garin da ƙidayar 2012 ta ce ya haura mutum miliyan ɗaya, alhali lokacin samun 'yanci bai wuce dubu talatin da 'yan kai ba, dole kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa da iccen da zai dafa tuwo. Mu da ke kuka yau, nawa ne cikinmu ba su sayi fili inda da can daji ne ba? Ni dai na saya.

Ɗan Adar: Madalla, Mushe. Mu baƙin da muka cika garin ba don sha'awa muka baro gida ba.

Hajiya ta Bukoki: Ba wanda ya kira ku baƙi, Malam. Zongo kanta ai baƙi suka kafa ta, iyayenmu daga Hausa suka zo fatauci. Ni abin da ke ci mini rai, jikata mai shekara tara ba ta taɓa sa ƙafarta cikin kogin Isa ba, kuma a Yamai aka haife ta. Ta san shi ta tagar mota kawai, in muna kan gada. Uwarta tana tsoro, ni ma ban ga laifinta ba, bayan ambaliyar 2020 da yadda ruwa ya shiga gidajen mutane.

Ɗalibi daga Harobanda: Inna Hajiya, ki ba ni ita ran Lahadi tare da ƙannena. Da la'asar bakin kogi ta wajen Kombo cike yake da iyalai, ga masu wanki, ga masunta suna dawowa. Ba zan bari ta wuce idon sawu ba.

Alhaji na Zongo: Na ji ku duka. Malam na Adar, maganar Lazare ta shige ni, don ina tuna Baba yana ɗaukar kwanon tuwo da dare ya fita, ban taɓa tambayar inda yake kaiwa ba. Wataƙila can ne. Amma har yanzu ina kan bakana: gada uku ba ta maye inuwa ɗaya da yaro zai zauna ba tare da an tambaye shi kuɗi ba. Ɗana, tunda za ka fita ran Lahadi, ka biya ta Mize. Ka duba hoton da kyau, hannun hagu bayan kafaɗar Yaya akwai wani dogon yaro ƙarami, bai fi Baba tsawo ba. Ka tsaya daidai inda muka tsaya ka ɗauko mini wurin. Ina so in san ko yana nan.

Ɗalibi daga Harobanda: To Baba. Ka sake turo hoton ba tare da yatsanka ya rufe gefen ba, in sha Allahu zan nemo wurin.